Yadda na kawar da ƙara daga fedal ɗin jita

Fedal ƙaramin akwati ne da ake takawa da ƙafa don sauya sautin jita. Guda biyu masu araha nake da su a nan Jidda, ɗaya mai kaurara sauti, ɗaya na amsa-kuwwa na dijital, duka a kan adafta guda ta waya mai rassa. Da an kunna amfilifaya sai wata siririyar ƙara ta tashi, ko ba a taɓa jitar ba.

Na cire su ɗaya bayan ɗaya. Na amsa-kuwwar ne tushe: dattin wutarsa yana bin wayar da suka haɗa, mai kaurarawar kuma ya ƙara masa ƙarfi. Da na sa wa mai kaurarawar batir 9V shi kaɗai, ƙarar ta ɗauke.

Gyara na dindindin shi ne akwatin wuta mai kafofi keɓaɓɓu, kowane fedal da tasa. A duba 9V DC, fulogi 2.1mm, tsakiyarsa nagatib. Akasin haka na iya ƙona fedal. Ƙarfin kafar a mA (miliamfiya, ma'aunin yawan wutar da take bayarwa) kuma ya zarce abin da fedal ke ci, musamman na dijital.

Wani ɗan ƙaƙas-ƙaƙas da ya rage kuwa, sanadinsa tsatsa ce da damshin teku ya kawo wa soket. Na fesa ruwan goge mahaɗin lantarki, na cusa fulogi na zare sau goma.