Yadda nake rainon ɗan akuya maraya da fida

Idan akuya ta mutu wajen haihuwa, ko ta ƙi ɗanta, kada ka yi gaggawar ɗura masa madara. Fara sa ɗan yatsanka a bakinsa. In ka ji ɗumi kuma ya kama tsotso, to da sauran ƙarfinsa. In ka ji bakin sanyi ƙalau, ko ɗigo kada ka ba shi. Goge shi da tsumma, ka lulluɓe shi a wuri mai ɗumi har jikinsa ya dawo daidai, wato kusan digiri 39. Wanda sanyi ya kama ba ya iya haɗiya sosai, sai madarar ta zarce huhu. Kafin nan ka tsoma cibiyarsa cikin aidin.

Sai maganar dakashi, nonon farko mai kauri da launin ɗorawa. A nan ne rayuwarsa take. Ana haihuwar ɗan akuya ba shi da garkuwar jiki, a dakashi yake samunta, kuma hanjinsa a sa'o'in farko ne kawai yake iya tsotse ta. Bayan awa 24 ƙofar ta kusa rufewa. Ka nema a wurin wata akuyar da ta haihu kwanan nan, in babu, na saniya ma ya fi babu. Yana bukatar kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a ranar farko: mai kilo 2 ya sha mililita 200, kaɗan-kaɗan. Ni duk akuyar da ta haihu da wadataccen nono nakan tatsi ɗan dakashinta in daskarar saboda irin wannan rana. In za ka narkar, sa kwalbar cikin ruwan ɗumi, kada ka ɗora a wuta.

Bayan haka nonon akuya ya fi, na saniya wanda ba a cire masa mai ba yana biye. Ka ɗumama shi daidai ɗumin jiki, ka gwada a bayan hannunka. Hudar kan fidar ta zama ƙarama, yadda in ka kifa ta sai dai ta riƙa ɗiga. Ya sha a tsaye da ƙafafunsa, wuyansa a miƙe sama kamar yana ƙarƙashin uwarsa, domin hakan ne ke kai madarar cikin da ke narkar da ita, ba tumbin da bai fara aiki ba. Kada ka kwantar da shi rigingine. In ya ƙi kamawa, shafa gindin wutsiyarsa yadda uwa ke lasa. Da wutsiyar ta fara kaɗawa ka san ya gane.

Abin da ya fi damuna shi ne tausayi marar kan gado. Maraya zai yi ta kuka ko da ya ƙoshi, mai shi kuma ya yi ta ƙara masa har ciki ya kumbura ko zawo ya ɓarke. Ka tsaya a kan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinsa a yini, sau huɗu ko biyar a makon farko, har da dare, sannan sau uku, daga baya sau biyu. Taɓa cikinsa bayan ya sha: ya cika, amma kada ya yi tauri. Wanke fida kowane sha. In zawo ya zo, rage madarar, ba shi ruwan gishiri da sukari tsakanin sha da sha, in ya kwana bai tsaya ba ka kira likitan dabbobi, ka tambaye shi batun rigakafi ma.

Daga mako na biyu ajiye masa busasshiyar ciyawa mai laushi da ruwa a kwano, ka bar shi ya riƙa cuɗanya da sauran 'yan awaki, a wurinsu zai koyi ci. Ba na yaye shi sai ya kai mako 8 zuwa 12, nauyinsa ya ninka na haihuwa sau biyu da rabi, kuma na gan shi yana tuƙa da idona.