Kada ku fara da ƙwace wayar

Iyaye, in yaro ya rage cin abinci, yana kifa waya da zarar an shigo ɗaki, ku bincika a hankali. Ƙanwata ta yi sati biyu ba barci, ashe hotonta aka mayar sitika a gurup ɗin ajinsu, kowa na dariya. Mu kuma muka ƙwace wayar, sai ta ɗauka ita ce mai laifi, ta ƙara yin gum.

Ku fara ɗaukar hoton saƙonnin kafin a goge. Kada yaron ya rama. Ku toshe lambar mai turo saƙonnin, ku kai rahoto ta cikin WhatsApp. In abin ya kai ga barazana, dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 tana nan, ku je wurin 'yan sanda da hotunan.