Yadda za ka zaɓi kalmar da ta dace tsakanin ƙawance, haɗaka, maja da tsagi

Mai rubuta labarin siyasa da Hausa kullum yana cin karo da mutanen da suka haɗa kai don wata manufa: jam'iyyu sun zauna a otal, ƙasashe sun rattaba hannu kan takarda, gwamnoni sun yi fushi sun ware. Da yawanmu sai mu kira kowanne "ƙungiya" mu wuce. Ba ƙarya muka yi ba, amma mun bar mai karatu cikin duhu, domin bai san ko haɗuwar ta kwana biyu ce ko ta har abada ba. Ga yadda nake bi in zaɓi kalma.

Mataki na farko: tambayi kanka, kowa na nan da sunansa?

Wannan tambayar ce ke warware rabin matsalar. Idan waɗanda suka haɗu sun ajiye tsofaffin sunayensu da tutocinsu sun zama abu ɗaya, to maja aka yi, ko ka ce sun narke sun dunƙule. Abin da ya faru a 2013 ke nan, lokacin da ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka haɗu suka haifi APC, hukumar zaɓe ta yi mata rajista a ƙarshen watan Yuli na shekarar. Bayan wannan rana babu wanda ya sake dangwala wa alƙalamin CPC. Idan ka kira wannan "ƙawance", ka rage masa nauyi.

Idan kuwa kowa ya riƙe sunansa da shugabansa da ofishinsa, sai dai an yi alkawarin tafiya tare, ƙawance ne. A zaɓen 1964 an yi manya guda biyu: NPC ta Sardauna da NNDP ta Akintola a ƙarƙashin NNA, sai NCNC da AG da NEPU da UMBC a ƙarƙashin UPGA. NEPU ba ta daina zama NEPU ba, Malam Aminu Kano ma bai sauka daga kujerarsa ba. Haka a Nijar a 1993, jam'iyyun da suka haɗu a AFC suka mara wa Mahamane Ousmane baya ya kayar da Tandja Mamadou a zagaye na biyu. Shekara ɗaya da 'yan watanni PNDS, ɗaya daga cikin jam'iyyun, ta fice abinta. Ƙawance ke nan, ƙofarsa a buɗe take.

Mataki na biyu: duba su wane ne suka haɗu, mutane ko ƙungiyoyi

Haɗaka ta fi ƙawance sassauci. Takan ɗauki jam'iyyu da ɗaiɗaikun 'yan siyasa da duk wanda ke da buƙata iri ɗaya, sau da yawa ba tare da wata rubutacciyar yarjejeniya ba. Shi ya sa ake cewa "haɗakar 'yan adawa" tun kafin a san inda za su sa gaba. Gamayya kuma ta fi zama a bakin ƙungiyoyi da yawa da suka shiga inuwa guda, kamar gamayyar ƙungiyoyin farar hula ko ta 'yan kasuwa. Ni dai a kunnena, gamayya ba ta neman kujera, sanarwa take fitarwa.

Mataki na uku: idan rabuwa ce ta haifar da taron, sauya kalma

Nan ne sababbin marubuta suka fi tuntuɓe. Waɗanda suka ɓalle daga cikin jam'iyya suna kuma iƙirarin su ne 'yan asali, tsagi ne ko ɓangare. A Jamhuriya ta Biyu PRP ta dare gida biyu, Kanawa suka raɗa musu Santsi da Taɓo: gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa a Santsi, masu biyayya ga shugabancin Malam Aminu a Taɓo. Kowane tsagi na cewa shi ne PRP. Sabuwar PDP ta 2013 ma tsagi ce, har zuwa watan Nuwamba da gwamnoni biyar daga cikinta suka koma APC, daga nan labarin ya zama na sauya sheƙa. Ka lura cewa kalma ɗaya ba ta bin mutane har abada. Waɗanda ka kira tsagi a watan Satumba, a watan Disamba 'yan wata jam'iyya ne.

Mataki na huɗu: ga ƙasashe, bi sunan da ya riga ya zauna

Kada ka ƙirƙiri naka inda kunne ya saba da wani. Majalisar Ɗinkin Duniya ake cewa, Tarayyar Turai, Tarayyar Afirka wadda ta gaji Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 2002. OPEC, da aka kafa a Bagadaza a 1960 Najeriya ta shiga a 1971, ƙungiyar ƙasashe masu arzikin man fetur ce. ECOWAS kuma, wadda mutanen Nijar suka fi sani da CEDEAO, ƙungiyar raya tattalin arzikin Afirka ta Yamma ce tun 1975. NATO ana ce mata ƙungiyar tsaro, ana kuma ce mata ƙawancen tsaro, duka sun zauna.

Inda ake buƙatar hankali shi ne abin da ke sauya kama yana tafiya. Mali da Burkina Faso da Nijar sun sa hannu kan yarjejeniyar kare juna a watan Satumban 2023, ƙungiyar da suka raɗa wa suna AES ta fara a matsayin ƙawance. A watan Yulin 2024 shugabanninsu suka haɗu a Yamai suka ɗaga ta zuwa wani mataki mai kama da tarayya, alhali kowace ƙasa na riƙe da shugabanta da tutarta. Idan ka rubuta "tarayya" kawai, ɗan Najeriya zai tuna da gwamnatin tarayya da jihohi 36, ya zaci ƙasa ɗaya suka zama. Gara ka ce ƙawancen ƙasashen Sahel, sannan ka ƙara jimla ɗaya ta bayani.

Mataki na biyar: auna ko kalmar na ɗauke da zagi

Gungu ba kalmar tsaka-tsaki ba ce. Mun saba jin gungun ɓarayi, gungun masu fasa-ƙwauri, don haka idan ka ce "gungun gwamnoni" ka yanke musu hukunci tun kafin su buɗe baki. Rukuni ya fi sanyi. Haka "taron dangi", ana faɗarsa ne idan an haɗu don a kayar da mutum guda, kuma yawanci wanda aka yi wa ne ke faɗa. "Auren dole" da "zaman doya da manja" suna da daɗi a sharhi, amma a labari ka bar su a bakin wanda ya furta, ka ambaci cewa shi ya faɗa.

Mataki na shida: karanta jimlar da ƙarfi

Kowace kalma da aikatau ɗin da take tafiya da shi. Ana ƙulla ƙawance, ana kafa ƙungiya, ana yin maja, ana shiga haɗaka, jam'iyya kan dare ko ta rabu. Ƙawance yakan wargaje, kamar yadda na NPN da NPP da aka ƙulla a 1979 ya wargaje a 1981. Idan ka tsinci kanka ka rubuta "sun ƙulla tsagi", koma mataki na farko ka sake tambaya.