Kurakuran da aka fi yi wajen sabunta tebur daga wani tebur a SQL

Wanda ya saba da harsunan rubuta manhaja irin su Python ko PHP, in aka ce ya kwashe maki daga teburin sakamako zuwa na ɗalibai, madauki (loop), wato umarni mai maimaita kansa, zai fara rubutawa: ɗauko layi, aika UPDATE, ɗauko na gaba. In layukan 100,000 ne, umarni 100,000 ke nan, kowanne da zuwansa da dawowarsa. Alhali an gina SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, ne don ya sarrafa tarin layuka a tashi ɗaya. A rumbun bayanai na PostgreSQL wannan ya wadatar:

UPDATE dalibai d SET maki = s.maki FROM sakamako s WHERE s.lamba = d.lamba;

Sai dai kowane rumbun bayanai da salonsa. MySQL JOIN yake so kafin SET, SQLite kuwa sai a sigar 3.33 ta 2020 ya samu FROM. Masu SQL Server sun saba maimaita sunan teburin da ake gyarawa cikin FROM. Ka yi haka a PostgreSQL, zai ɗauke shi a matsayin kwafi na biyu, kuma in ba ka haɗa su ba, ko'ina gyaran zai shafa.

Wasu kan ɗauko makin da ƙaramin SELECT a cikin SET, su manta da WHERE EXISTS, sharaɗin da ke taƙaita gyaran ga ɗaliban da ke cikin sakamako. Duk ɗalibin da babu shi a teburin sakamako, makinsa na dā ya tafi, NULL, wato babu komai, ya maye gurbinsa.

Wanda ya fi damuna shi ne maimaici, don shi ba ya ihu. A ce ɗalibi mai lamba 17 ya fito sau biyu a sakamako, 45 da 72. PostgreSQL da SQL Server za su ɗauki ɗaya kawai, ba tabbacin wanne, su ce aiki ya kammala. MERGE, wani umarnin sabunta tebur daga wani tebur, ya fi gaskiya a nan: ƙin aikin yake yi, rumbun Oracle ma ya nuna maka saƙon kuskure mai lamba ORA-30926. Saboda haka kafin komai ka ƙirga lambobin da GROUP BY da HAVING, ka yanke wane maki ne sahihi, na ƙarshe ko mafi girma, sannan ka rubuta hukuncin cikin umarnin.

Ka sa fihirisa (index), mai saurin nemo layi, a kan lambar da ke haɗa teburan. Kafin gyaran, mai da umarnin SELECT ka ga layukan da zai taɓa. Sannan ka fara da BEGIN don gyaran ya zama mai janyuwa, ka gudanar, ka kwatanta adadin layukan da ya taɓa da na SELECT ɗin. In bai yi daidai ba, ka janye gyaran da ROLLBACK.