Kurakuran da aka fi yi da kalmomin ɓoyewa na Turanci

Na gaji da gyara abu ɗaya a rubutun masu koyon Turanci. Mu kalmar "ɓoye" ta ishe mu, ko kuɗi ne ko magana ko mutum. Turanci kuwa ya rarraba aikin, kowace kalma da mazauninta.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne "cover up". Mutum zai ɗauko rufin asiri, wanda a bakinmu alheri ne, ya zuba shi cikin "cover up", yana ganin yabo ya yi. To, in ana maganar mutane da al'amuransu, wannan zargi ne: an tafka laifi, aka haɗa baki aka binne shi. Da wannan kalma ake kiran abin da Richard Nixon da muƙarrabansa suka yi bayan an fasa ofishin jam'iyyar Democrat a ginin Watergate a 1972, abin da ya kai shugaban na Amurka ga murabus a 1974.

Wani yaro da ke aiki a ƙarƙashina ya taɓa rubuta wasiƙar godiya ga mutumin da ya agaza mana sa'ad da kuɗi ya yanke, ya ce "thank you for covering up for us". Kwafin wasiƙar ya faɗa hannun mai binciken kuɗi, ya ja jan layi a ƙarƙashin jimlar. Aka tsayar da biyanmu, aka bi takardunmu ɗaya bayan ɗaya, shi kuma bawan Allah da ya taimake mu sai da ya sha tambayoyi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Tun daga nan na hana kalmar shiga wasiƙa a wurina. In taimako kake nufi, ka ce "helped us out". In wani ya riƙe maka aiki ba ka nan, "covered for me" ne, babu "up".

Na biyu, "for" da "from". Muna cewa "ya ɓoye mini", sai ɗalibi ya ji "mini" ya rubuta "he hid it for me". Haba! Ai ka juya zancen. Wannan na nufin ya adana maka abin don amfaninka. Wanda ya hana ka gani, "he hid it from me" ya yi. Don Allah ku daina fassara "mini" ido rufe, ku tambayi kanku: taimakona aka yi ko cutata?

"Conceal" ba ta tsayawa ita kaɗai, sai da abin da aka ɓoye. Kana iya cewa "I hid under the bed", amma "I concealed under the bed" gurguwar jimla ce, mai karatu zai tsaya yana jiran ka faɗi me ka ɓoye. Ni nakan bar ta ga rahoto da maganar shari'a, kamar ɓoye makami ko hujja. A hira "hide" ta wadatar, kuma "hid" da "hidden" ake cewa, babu "hided".

"Disguise" ɓad da kama ce: ana ganinka, ba a gane ka ba. "Camouflage" sajewa ce da wuri, irin ta hawainiya ko kakin soja, kuma daga Faransanci ta shigo Turanci lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. "Withhold" riƙewa ce, kamar a riƙe sakamakon jarrabawa ko albashi, ko da kowa ya san inda abin yake.

"Secrete" kuwa ina shawartar ɗalibaina su bar ta kawai. Tana nufin ɓoyewa, amma an fi jin ta a bakin likitoci kan ruwan da jiki ke fitarwa, kuma masu rubuta ta da yawa "secret" suke nufi.