Darasi na 9: Idan Ka Ji Rauni a Wurin Aiki

A karanta wannan darasi sau biyu, a hankali. Wanda ya riga ya gama ya taimaka wa na kusa da shi.

Mu ɗauki misali. Wani matashi yana aiki a wata masana'antar roba. Ran nan da la'asar inji ya cafki hannun rigarsa, ya ja hannun ciki. Kafin a kashe wuta yatsu biyu sun tafi. Abokan aikinsa suka ɗaure hannun da tsumma, suka sa shi a adaidaita sahu sai asibiti.

Bayan kwana uku wani babba daga wurin aikin ya zo dubiya. Ya kawo lemo da ayaba. Da zai tashi sai ya ciro ambulan mai kuɗi a ciki, da wata takarda da aka buga da Turanci, da ɗan akwatin tawada. Ya ce, "Ga wannan ka rage zafi. Sai ka dangwala mini a nan."

Kawun yaron yana zaune a bakin gado. Ya ce, "Karɓi, ɗana. Ƙaddara ce, ba wanda ya isa ya tsallake ta."

Yayar yaron ta durƙusa ta ce, "Kawu, a yi mini haƙuri. Mun gode da ɗawainiya. Amma a bar mana takardar nan mu kai a karanta mana, in ya so gobe ya dangwala."

Ita ce ta yi daidai. Sau da yawa abin da irin wannan takarda ke cewa shi ne, "Na karɓi wannan kuɗi, ba ni da sauran magana." Kuɗin zai ƙare cikin wata ɗaya ko biyu, hannun kuwa haka zai zauna har tsufa. Maganar kawu gaskiya ce, ƙaddara ce. Sai dai yarda da ƙaddara ba ta hana mutum neman haƙƙinsa. Ko a fiƙihu an yanka wa kowane yatsa diyyarsa.

Abin da doka ta tanada

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata. Ita ta maye gurbin tsohuwar dokar diyya da ake aiki da ita a da. Hukumar da ke riƙe da asusun diyyar ita ce NSITF. Hedikwatarta tana Abuja, tana kuma da ofisoshi a jihohi. Ka koyi rubuta waɗannan haruffa biyar, domin su za ka gani a allon ƙofar ofishin.

Ga yadda kuɗin ke taruwa. Kowane wata mai kamfani zai zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya. In albashin ma'aikatansa duka ya kai naira 2,000,000, zai zuba naira 20,000. Daga aljihunsa kuɗin zai fito. Doka ta hana shi cire ko kwabo daga albashinka da sunan wannan asusu.

Mutane da yawa suna cewa, "Ai ni ba ma'aikacin gwamnati ba ne," ko "Ni ɗan aikin wucin gadi ne, ko takardar ɗauka ba ni da ita." Wannan tunani ya sa talakawa da dama sun yi asara. Dokar ta haɗa da ma'aikacin gwamnati da na kamfani, da wanda aka ɗauka da takarda da wanda aka ɗauka da baki, da ɗan aikin wucin gadi, da yaron da ke koyon sana'a a hannun ubangida, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Sojoji ne aka ware. Kuma ba sai ka tabbatar da cewa kamfani ne ya yi sakaci ba. Abin da ake dubawa shi ne raunin ya same ka ta dalilin aikin.

Ba haɗarin inji kaɗai ake biya ba. Akwai ciwon da aiki ke jawowa sannu a hankali, kamar ciwon ƙirji daga shaƙar ƙura ko sinadari, da toshewar ji daga ƙarar injuna. Har haɗarin hanya yana ciki, in ya same ka tsakanin gidanka da wurin aiki, ko tsakanin wurin aiki da inda ka saba cin abinci, ko inda ka saba karɓar albashi.

Kwana 14

Nan ne wurin da ya kamata mu tsaya sosai, domin nan aka fi yin saki na dafe.

Doka ta ba ka kwana 14 ka sanar da wurin aikinka. Za ka iya gaya wa manaja, ko shugaban sashenku, ko mai kula da akwatin taimakon gaggawa. In rasuwa aka yi, iyalan mamacin ne za su sanar. Shi kuma mai kamfani doka ta ba shi kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar. In mutuwa ce, nan take ake kai rahoto.

Kada ka ce, "Ai a gabansu abin ya faru, kowa ya gani." Manajan da ya gani yana iya barin aiki. Abokin da ya ɗaure maka hannu yana iya jin tsoron buɗe baki don kada a sallame shi, shi ma yana da iyali. Maganar fatar baki iska ce ke ɗauke ta. Saboda haka ka rubuta. Ba a bukatar dogon Turanci, abu huɗu kawai ake so: sunanka, ranar da lokacin, wurin, da yadda abin ya faru. Ga samfuri:

"Zuwa ga Manaja. Ni ne (sunanka), ina aiki a sashen (sunan sashe). Ranar (kwanan wata) da misalin ƙarfe 4 na yamma, inji ya kama hannuna na dama ina cikin aiki. An kai ni asibiti, an cire yatsu biyu. Ina sanar da ku domin a kai rahoto ga NSITF."

Ka yi kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya. Ɗayan kuma ka roƙi wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata, ka dawo da shi gida. In kana kwance ba ka iya riƙe biro, ɗan'uwanka ya rubuta ya kai.

Daga ranar nan ka samu leda mai kauri ko tsohon fayil. Katin asibiti, takardar likita, hoton ƙashi, rasit na magani ko na naira 500 ne, takardar albashi ko saƙon banki da ke nuna abin da kake karɓa, duk su shiga ciki. A ɗauki hoton raunin da waya. A rubuta sunayen mutum biyu da suka gani. Ka ajiye ledar inda ruwan sama da gara ba za su kai ba.

Bayan sanarwa akwai neman diyyar kanta. Ana cike fom na hukumar, kai ko magajinka ku sa hannu, cikin shekara ɗaya da faruwar abin. In akwai ƙwaƙƙwaran uzuri hukumar tana iya karɓa har zuwa shekara uku, amma kada ka jingina da wannan.

Me ake samu?

Ana biyan kuɗin magani. Ana iya ba da ƙafar roba ko hannun roba. Wanda ya nakasa gaba ɗaya, ba zai sake iya aiki ba, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Mai ɗaukar naira 80,000 zai riƙa samun naira 72,000. Wanda ya rasa wani sashe na jikinsa amma yana iya wani aikin, kamar matashin da muka fara da shi, ana lissafa yadda samunsa ya ragu a biya shi a kan haka. In ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, kashi 90 ne duk wata. In ɗa ɗaya ne, kashi 85. Ana kula da 'ya'yan har su kai shekara 21 ko su gama digiri na farko, duk wanda ya riga zuwa.

Game da waccan takarda ta asibiti, dokar ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da ubangidansa ta yafe wannan diyya ba ta da inganci. In ka riga ka dangwala, kada ka yanke ƙauna, ka kai maganar gaba. Amma gudun doguwar jayayya, gara tun farko kada yatsanka ya taɓa tawada a kan abin da ba a karanta maka ba.

In an ƙi sauraronka

Gaskiya ita ce ƙananan wuraren aiki da yawa ba su yi rajista da hukumar ba, wasu kuma suna ɓoye haɗari. Wannan laifinsu ne, ba naka ba. Ka ɗauki ledarka ka je ofishin NSITF da kanka. Ka je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku. In kuna da ƙungiyar ƙwadago, shugabanku na reshe ya raka ka. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ma tana sauraron irin wannan kuka, kuma kyauta ne.

Rashin kuɗin lauya kada ya zaunar da kai. Akwai hukumar gwamnatin tarayya da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta, a allonta an rubuta Legal Aid Council. Tun 1976 take, kuma dokarta ta 2011 ta ambaci neman diyyar ma'aikaci a cikin ayyukanta. An fi tanadar ta domin wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024. Ka tambayi lauyan tun da wuri ko diyyar hukuma za ka bi ko ƙara za ka shigar, domin ba a cin biyu a kan rauni ɗaya.

In NSITF ta yanke hukuncin da bai gamsar da kai ba, kana da kwana 180 ka rubuta mata ta sake dubawa. In har yanzu da saura, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a garuruwa irin su Kano da Kaduna.

Aikin aji

Kowa ya buɗe littafinsa ya kwafi samfurin wasiƙar da ke sama, ya sa sunansa da irin aikin da yake yi. Sannan a lissafa: mutum ya ji rauni ranar 3 ga wata, wace rana ce ta ƙarshe da zai sanar da wurin aikinsa? Mai albashin naira 100,000 ya rasu a bakin aiki ya bar mata da ɗa ɗaya, nawa za a riƙa ba su duk wata? Kafin darasi mai zuwa, duk mai aiki a ƙarƙashin wani ya tambayi ofishinsu ko an yi musu rajista da NSITF, ya zo mana da amsar.