Yadda ake tantance dutsen jed ta hanyar haske

Ɗan kasuwar da ke sayar da tsakiya da duwatsun ado a kasuwar Kejetia ko a Zangon Kumasi yakan gamu da koren dutse da aka ce masa jed ne, alhali launi kaɗai ba ya zama shaida. Tun a 1863 masanin Faransa Alexis Damour ya nuna cewa ma'adinai biyu ne ke ɗauke da wannan suna: jadayit, wanda mafi kyawunsa daga Miyanma yake fitowa, da nefrayit, irin na Hotan a ƙasar Sin da na Niyu Zilan.

A fara da goge dutsen da barasar asibiti, domin maiƙon hannu yana ɓata sakamako. Sannan a auna nauyinsa a sarari, a sake auna shi a cikin ruwa, sai a raba nauyin sarari da bambancin awon biyu don a san sau nawa ya ninka ruwa nauyi. Jadayit ya ninka ruwa nauyi kusan sau 3.3, nefrayit kuwa kusan sau 2.95.

Daga nan sai sifektiroskof na hannu, wato ɗan bututun da ke rarraba haske zuwa launukan bakan gizo. A shiga ɗaki mai duhu, a ɗora dutsen a kan bakin tocila mai ƙarfi, a rufe gefensa da baƙin kwali yadda hasken da ya ratsa dutsen kaɗai zai shiga bututun. Jadayit yakan nuna siririn baƙin layi a nanomita 437 (ma'aunin tsawon zangon haske), a can gefen shuɗi, saboda ƙarfen da ke cikinsa. Idan korensa na sinadarin kuromiyam ne, za a ga layuka wajen 630 da 655 da 691; wanda aka rina kuwa faffaɗan duhu yake bayarwa wajen 650. Wannan awo yana son haƙuri, don idon da bai saba ba yakan ga abin da yake fata.

Hukunci na ƙarshe yana ɗakin gwaje-gwaje, kuma a Kumasi ya kamata a fara tambaya a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST). Na'urar Raman tana haska dutsen da leza ba tare da ta kankare shi ba: a zanen da take fitarwa, babban tsinin jadayit yana fitowa wajen 700 a ma'aunin cm⁻¹ (ba nanomita ba), na nefrayit wajen 674. Na'urar infirared kuma, mai aiki da hasken da ido ba ya gani, ita ke tona dutsen da aka jiƙa a asid aka ɗura masa roba, domin robar tana shan haske tsakanin 2800 da 3100 a ma'aunin cm⁻¹.

A nan Gana akwai wani tarko. Koren dutsen Birimiyan, wato tsohon jerin duwatsun da zinariyar Obuasi ke cikinsa, yana samun launinsa daga ma'adinan kulorayit da efidot da aktinolayit, kuma nefrayit kansa daga dangin aktinolayit yake, don haka zanen Raman ɗinsu na iya yin kama. Sai an duba da madubin ƙara girma an ga zaruruwan sun sarƙe da juna kamar saƙa, ba su kwanta jere ba, kafin a rubuta nefrayit a takardar shaida.